Tagwaye a ciki, ɗaya ya fi ɗaya girma

Kusan kowace ranar awo sai na amsa waɗannan tambayoyin, shi ya sa na rubuta su.

Hoto ya nuna ɗaya ya fi girma, akwai matsala?

Ba lallai ba. Hassan da Hussaini ba sa zuwa da nauyi ɗaya. Sai tazarar ta kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 muke ɗaga gira.

Babban ne yake cinye abincin ƙaramin?

A'a. Galibi mabiyiya ce ba ta raba musu daidai.

To in ƙara cin abinci?

Ki ci, ki sha maganin ƙarin jini. Amma kwanon tuwo ba ya gyara mabiyiya, kuma jiƙon da gwaggo ta kawo ba zai yi ba.

Me ya sa kuke nacin tambayar hoton farko?

Domin tsakanin mako 11 zuwa 14 ne ake gane ko mabiyiyarsu ɗaya ce ko kowa da tasa. Sai mace ta ɓoye ciki don kunya, ta zo mana da wata shida, cikin ya yi tsini, katinta fari fat. Haba baiwar Allah! Masu mabiyiya ɗaya jijiyoyin jininsu a haɗe suke, ana so a duba su duk mako biyu tun daga mako 16. Masu biyu kuwa duk mako huɗu ya wadatar, in komai lafiya.

Likita ya ce a ciro su da wuri saboda ƙaramin, alhali babban lafiyarsa lau. Mu yarda?

Wannan ba ni da amsa ɗaya da zan ba kowa. Ya danganta da makon cikin, da yadda jini ke gudana a igiyar cibiyar ƙaramin, wanda hoton dofla ke nunawa, da kuma yawan mabiyiyar. In ɗaya ce, kuma Allah ya karɓi ran ƙaramin a ciki, jinin babban na iya tsiyayewa zuwa gare shi, ya taɓa wa babban ƙwaƙwalwa ko shi ma a rasa shi. A nan jira ba tausayi ba ne. In biyu ce, wani lokaci likita kan ɗan jinkirta, domin ciro lafiyayyen yaro bakwaini shi ma da nasa haɗarin. Ko da komai lafiya, ba a cika barin tagwaye su wuce mako 36 ko 37 ba. Ku tambaya: za a yi mata allurar ƙarfafa huhun jarirai? Akwai kwalba biyu a asibitin? In babu, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala tun kafin naƙuda. Maigida, ka zo da kanka ka ji bayanin, kada a bar ta ita kaɗai da wannan shawara.

Laifina ne?

Wallahi ba laifinki ba ne. Share hawayenki.

Yaushe zan taho ba tare da jiran ranar awo ba?

In ciki ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko numfashi ya yi miki wuya, ko motsi ya ragu, ko kika ga jini ko ruwa. Haka ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, domin jijjiga ta fi kama masu tagwaye. Ko tsakar dare ne a nemo adaidaita.