Sakin Mota a Firi

Sakin mota a firi shi ne direba ya raba inji da tayoyi alhali mota tana cikin tafiya, ko ya mayar da giya firi, ko ya danne kuloci, ya bar gangara da nauyin motar su ci gaba da tura ta. Wasu kan ƙara da kashe injin gaba ɗaya. Tsohuwar ɗabi'a ce a tsakanin direbobin haya, 'yan acaɓa da masu manyan motoci, kuma dalilinta tsimin mai ne. A Najeriya matsin wannan tsimi ya ƙaru tun ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki.

Asalin dabarar

Dabarar ta zamanin kafireta ce, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska a tsofaffin motoci. A mota irin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ko direba ya ɗaga ƙafa daga totur injin bai daina zuƙar fetur ba, domin iskar da yake ja ita ke janyo man ta ƙaramar kafar silo. Tun da mai zai tafi ko ta yaya, gara a saki motar ta yi nisa da kanta. Iyayen gidan da suka koya wa yaran mota haka ba su yi ƙarya ba. Motocin ne suka canza.

Abin da injekta ta sauya

A motar injekta kwamfuta ce ke auna man da ke shiga inji. Idan mota na cikin giya, ƙafa ba ta kan totur, kuma juyin injin ya haura wajen 1,000 zuwa 1,500 a minti, gwargwadon ƙirar motar, kwamfutar kan yanke mai baki ɗaya. Tayoyi ne ke juya injin a lokacin, ko ɗigo ba ya ƙonewa. Da zarar an sa firi kuwa, dole injin ya riƙe kansa a silo, wato ya riƙa juyi a hankali ba tare da an taka totur ba, ƙaramar mota kuma kan sha tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa tana silo. Ke nan a gangarar da ake buƙatar rage gudu, ko wajen tunkarar danja da shingen bincike, wanda ya bar mota a giya ya fi mai firi tsimi.

Akwai inda firi ke da 'yar riba, kuma bai dace a ɓoye ba. Inji yana riƙe mota idan tana cikin giya, don haka a shimfiɗaɗɗiyar hanya ko gangara mai sauƙi motar da ke firi takan yi nisa kafin a sake taka totur. Sai dai duk abin da ake magana a kai kaɗan ne. Man silo na minti uku bai wuce mililita 25 zuwa 50 ba, bai cika ƙaramin kofin shayi ba.

Haɗarin

Riƙon nan da inji ke yi shi ne birki na biyu na kowace mota, firi kuma shi yake cirewa. Sai aikin duka ya koma kan birkin ƙafa, wanda ke tsayar da mota ta hanyar mayar da gudu zafi. Idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye ninki huɗu ne. A doguwar gangara fad, wato abin da ke matse faifan birki, yakan yi zafi har ya rage kamu. Man birki ma yana tafasa: nau'in DOT 3 sabo yana jure aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selsiyas, amma idan ya tsufa ya sha danshi mizaninsa kan sauko zuwa 140. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa salin alin. Abin da ake cewa birki ya shanye ke nan.

A tirela da tanka lamarin ya fi muni. Birkinsu na iska ne, injin ne kuma ke juya famfon da ke cika tankin iskar. A silo cikawar a hankali take, direba kuwa yana ta taka birki yana zubar da ita. Gangar birki idan ta ɗau zafi takan buɗe, ta yi nesa da takalmin da ke matse ta. Birkin salansa, mai toshe hayaƙi don inji ya riƙe mota, ba ya aiki sai mota na cikin giya. Mafi tsanani, babbar mota da ta ɗau gudu a firi ba lalle ta yarda ta koma giya ba, sai dai a ji ƙarar haƙora suna gurzar juna. Duk wanda ya saba bin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san warin birkin da ya ƙone da hayaƙin da ke tashi daga tayoyin baya, ya kuma san tsofaffin direbobi tun daga saman dutse suke shiga lamba biyu. Ƙa'idar da suke bi ita ce a sauka da giyar da aka hau da ita.

Kashe inji kuwa ganganci ne da rayukan fasinja. Abin da ke sauƙaƙa taka birki a ƙananan motoci daga inji yake samun ƙarfi, bayan taku biyu ko uku feda takan yi tauri. Sitiyari mai aiki da mai yakan yi nauyi nan take, idan kuma makulli ya koma ƙarshe yana iya kullewa. A yawancin motocin otomatik famfon man giya da inji yake juyawa, don haka tafiya da mataccen inji tana cinye giyar.

Doka

Ƙa'idojin hanya na Birtaniya, a doka ta 122, sun yi gargaɗin cewa firi na rage ikon direba a kan mota. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta shi kai tsaye a gangara, a sashe na 21710 na dokar ababen hawa, wasu jihohin ƙasar ma suna da irin wannan hani.

Firi a hannun kwamfuta

Kamfanonin mota ba su yi watsi da 'yar ribar ba, sun dai karɓe ta daga hannun direba. Manyan motocin Volvo suna da I-Roll, na Scania kuma Eco-roll: kwamfuta ce ke raba giya a gangara mai sauƙi, ta mayar da ita da zarar an taɓa birki ko gudu ya wuce kima. Audi A8 ta 2017, mai batirin bolt 48, tana iya kashe injinta har daƙiƙa 40 a gudun kilomita 55 zuwa 160 a awa, birki da sitiyari kuma suna nan da ƙarfinsu domin ba su dogara da juyin injin ba. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Toyota Prius da ta fara fita a 1997, sun bi wata hanyar: idan an ɗaga ƙafa, tayoyi kan juya janareta, gudun da birki zai ƙone ya koma cajin batir.