Itacen Karant Mai Fure a Lambun Abinci: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin itace ne wannan?

Gajeren itace ne mai rassa da yawa, tsayinsa kan kai mita 2 zuwa 3. Sunansa na kimiyya Ribes sanguineum. Asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, daga Biritish Kolombiya zuwa Kalifoniya, kuma masanin tsirrai David Douglas ne ya aika da irinsa Ingila a 1826. Yana buƙatar sanyin hunturu kafin ya yi fure sosai, shi ya sa ƙasashe masu sanyi ne gidansa.

Ana cin 'ya'yansa?

Ana ci, amma salam suke, ba zaƙi ba tsami. Amfaninsa na gaskiya yana wajen fure. A Maris da Afrilu yake fitar da furanni ja-ja masu reto, lokacin da ƙudan zuma suka fito da yunwa kuma furanni ba su yawaita ba. Da zarar sun saba da lambun, sai su wuce kan tuffa da sauran itatuwan 'ya'ya idan furensu ya buɗe, su yi ta kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Mai neman 'ya'yan ci sai ya nemi ɗan'uwansa Ribes aureum.

Yaya ake dasa shi?

A haƙa rami da ya ninka faɗin saiwar sau biyu, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a bar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin itace da itace. Yana son rana ko inuwa kaɗan. A shekarar farko a riƙa ba shi ruwa, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen. Bayan ya kafu yana jure fari, kuma ruwa mai kwanciya shi ke ruɓar da saiwarsa.

Me ake shukawa kusa da shi?

Sitiroberi a ƙarƙashinsa, don yana jure 'yar inuwa kuma yana rufe ƙasa. Albasa mai lawashi a gefen da rana ke bugawa. Abin da ba a so kusa da shi shi ne itacen fayin mai siraran ganye kamar allura, biyar-biyar a dunƙule: wata cutar tsatsar tsirrai mai suna Cronartium ribicola tana yawo tsakaninsu, karant ya sha da sauƙi, fayin kuwa ya mutu.

Me ya sa wani ba ya fure?

Yawanci datsa ce ba a kan lokaci ba. Fure yana fitowa ne a rassan bara, don haka wanda ya datse a hunturu ya zubar da furen bana. A jira fure ya kaɗe, sannan a sare kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin rassa daga tushe. Idan darɓa ta kama sabon toho, feshin ruwa mai ƙarfi ya isa. Maganin ƙwari a lokacin fure yana kashe ƙudan zuman da aka dasa itacen dominsu.