Piyano na Aiki, Lasifika Shiru

A aikinmu na faɗakarwa kan allurar rigakafi, samarin Zango da Birni ne ke haɗa mana kiɗan sanarwar rediyo. Kukansu ɗaya ne kullum: an jona piyano da kwamfuta, ana ta dannawa, ba a jin komai. Wani har ya ɗaure tasa a bayan kabu-kabu zai mayar wa mai shago. Na ce, "Ƙanena, sauke ta, lafiyarta lau."

MIDI, wato yaren da piyanon ke magana da kwamfuta da shi, ba sauti ba ne. Tun fitowarsa a 1983 saƙo kawai yake ɗauka: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an saki, duka cikin lambobi daga 0 zuwa 127. Ɗan aike ne da aka tura ƙofar fada ya ce wa mai algaita ya busa. In bai tarar da kowa ba, aike ya tashi a banza. Mai busar a nan ita ce manhaja irin FluidSynth, wadda kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta. Ita ma ba ta da murya sai an loda mata fayil ɗin SoundFont, wato ma'ajiyar muryoyin kayan kiɗa, mai ƙarewa da .sf2.

Hanya biyu ke nan, ta saƙo da ta sauti, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko, saƙon ya isa? A kwamfuta mai tsarin Linux ku rubuta umarnin aconnect -l, ku duba ko sunan piyanonku ya fito, sannan ku ja layi daga gare ta zuwa FluidSynth a cikin qpwgraph ko QjackCtl, manhajojin jona saƙo da sauti. Mai amfani da Qsynth, wato tagar sarrafa FluidSynth, zai ga 'yar fitila na ƙiftawa in ya danna. Masu tsohon kebul ɗin MIDI mai haƙora biyar, OUT na piyano shi ke shiga IN na ɓangaren kwamfuta. Yaron nan na kabu-kabu abin da ya juya ke nan. In kun danna kuka ji ganguna, kuna tasha ta 10 cikin 16, wadda General MIDI, ƙa'idar jera kayan kiɗa, ya ware wa kayan bugu.

Fitila na ƙiftawa amma shiru? To, sautin ne bai sami mafita ba. Ku haɗa mafitar sautin manhajar, ta hagu da ta dama, da lasifika. Kafin nan, don Allah ku rage ƙara, ku cire abin kunne. Ma'aikacin lafiya ke magana: jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa.

Sai jinkiri, wato ka danna yau ka ji gobe. Ma'ajiyar sauti (buffer) mai gutsuren sauti 1024, a kan gutsure 48000 a daƙiƙa, tana ƙara kusan milisakan 21, ta 256 kuwa 5 da 'yan kai. Ku riƙa ragewa har sautin ya fara tsatsagewa, sai ku koma mataki ɗaya baya. Bluetooth kam ku ajiye shi, nasa jinkirin daban ne. In kuma kuna jin gurnani a lasifika, ku zare cajar kwamfutar ku sake saurarawa da batir.