Dokar cibiyar dattawa: babu albashi a cikinta, kuma ba mai kwashe muku iyaye

Jama'a barkanmu da warhaka. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, shekaranjiya gwaggona ta aiko jikanta wai in taimaka mata da kuɗin fom, wasu samari sun shigo unguwarsu da riguna iri ɗaya suna cewa su ƴan ƙungiya ne, gwamnatin tarayya ta ba su aikin rubuta sunayen tsofaffi, duk wanda ya cike za a riƙa tura masa albashi duk wata. A ɗaya gefen kuma ga wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp wai an yi doka, ƙungiyoyi masu zaman kansu za su riƙa kwashe tsofaffi suna kai su gidan gajiyayyu irin na Turawa. Duka biyun ba haka ba ne wallahi.

Dokar dai akwai ta. Majalisar tarayya ta zartar da dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2017, shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Janairun 2018, amma cibiyar ba ta fara aiki ba sai 2021 da aka naɗa Dakta Emem Omokaro ta shugabance ta. Ita kanta daga wata gidauniya mai zaman kanta da ke aiki kan tsofaffi aka ɗauko ta, kun ga tun daga nan za ku gane inda aka dosa.

Abin da dokar ta yi shi ne ta kafa ofis ta ɗora masa ayyuka: gano buƙatun dattawa, tsara musu shirye-shiryen lafiya da motsa jiki da ilimi, samar wa masu sauran ƙarfi ƴar sana'ar da za ta kawo musu na cefane, ajiye alƙalumansu, sannan ya haɗa kai da jihohi da ƙananan hukumomi da sauran ƙungiyoyi. To a wannan haɗin kan ne ƙungiyoyi suka shigo. Cibiyar tana Abuja, ba ta da ma'aikatan da za su bi ƙananan hukumomi 774 gida-gida, dole sai ta jingina da waɗanda ke ƙasa, kwamitin masallaci ne, ƙungiyar mata ce, ƙungiyar ƴan fansho ce, su suka san tsohuwar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. Amma abokin aiki daban, wakilin biyan kuɗi daban. Dokar ba ta yanka wa kowa albashi ba balle a ce wata ƙungiya za ta sayar da fom ɗinsa, ba ta ba kowa ikon ɗauke tsoho daga ɗakinsa ba, kuma babu wani hukunci a cikinta kan ɗan da ya ce shi zai riƙe mahaifiyarsa.

Inda ake yawan rikicewa shi ne shekaru. A wajen wannan doka dattijo shi ne wanda ya kai saba'in. Amma manufar ƙasa kan tsufa da majalisar zartarwa ta amince da ita a watan Fabrairun 2021 daga sittin take lissafi, haka ma Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ya sa za ka ga wata ƙungiya ta karɓi mai shekara 63 a shirinta na duba hawan jini, wani wurin kuma a ce masa da saura, sai mutum ya ɗauka an yi masa son kai alhali takardu biyu ne kowa ya riƙe tasa. Ni dai a ganina saba'in ɗin nan ta yi nisa. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a sittin ko bayan shekara 35 yana aiki, manomi da ɗan dako kuwa jikinsu kan gaji tun kafin nan, kuma mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke da takardar haihuwa, tsoho ka tambaye shi shekarunsa ya ce maka an haife shi shekarar fari ko zamanin sarki wane.

Wani zai ce ai tsarin mulki ya yi maganar fanshon tsufa. Gaskiya ne, sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta karkata manufofinta wajen kula da tsofaffi da fanshonsu. Sai dai yana cikin babi na biyu, shi kuma sashe na 6 ya ɗaure hannun kotu kan wannan babin, wato ba za ka kai gwamnati ƙara don ba ta biya kakarka ba. An ba ka da dama an karɓe da hagu kenan. Inda aka taɓa biyan tsofaffi kuɗi duk wata, kamar Ekiti da ta fara ba masu shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a 2011 zamanin gwamna Fayemi, shirin jiha ne, ba dokar cibiyar dattawa ce ta kawo shi ba. Abin da ya fi kusa da haƙƙi a hannu shi ne dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta sa tsofaffi cikin masu rauni da asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu, ita ma sai ka bi ta hukumar inshorar lafiya ta jiharka.

Kar a ce na ɓata ƙungiyoyi gaba ɗaya, a'a, akwai masu yi don Allah, kuma ba don su ba da tsofaffi da yawa sun shiga uku. Amma in suka zo ƙofar gida a tambaye su takardar rajistarsu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a tambayi ko mai unguwa ya san da zuwansu, kuma kar a bar tsoho ya miƙa lambar BVN ko katin ATM ɗinsa komai daɗin bakinsu. Ita gwaggo na ce ta riƙe kuɗinta, jikan nata kuma na tura shi wajen mai unguwa ya ji ko an san da samarin.