Waiwaye: faifan Bob Dylan na 1962 da masu gardama ke tsallakewa

Tun da fim ɗin nan A Complete Unknown, na tasowar mawaƙin Amurka Bob Dylan, ya fito ƙarshen 2024 tsohuwar gardama ta sake tashi, kuma har yau ba ta kwanta ba. Wai ranar da Bob Dylan ya hau dandamali a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a 1965 da jitar lantarki amanar masoyansa ya ci ko ci gaba ya kawo? Wasu masu musun ko waƙarsa ɗaya ba su taɓa ji ba kafin fim ɗin, amma yanzu kowa malami ne. Abin da ke ba ni dariya, duk ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya ba su lura ba, wai mutumin kwana ya yi ya tashi da safe ya juya. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Ga wanda bai san labarin ba bari in gutsura a gurguje. Ya iso New York farkon 1961 daga jihar Minnesota yana ɗan shekara 19, da jitar katako da ɗan abin busa, hamonika, da yake maƙalawa a wuya. Ya faɗa cikin masu waƙar folk, wato waƙoƙin gargajiya na talakawan Amurka, na manoma da mahaƙa da 'yan gidan yari, a daidai lokacin da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata ta ɗau zafi. Zuwa 1963 ya zama muryar wannan tafiya, har ya yi waƙa a babban gangamin Washington inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Sai 1965, ya saki Like a Rolling Stone ranar 20 ga Yuli, kwana biyar bayan nan ya buga ta a bikin Newport da ganguna da lantarki, wasu suka yi masa ihu. A Mayun 1966 a Manchester ta Ingila wani daga cikin 'yan kallo ya ƙwala masa Judas, ma'ana maci amana. Wannan shi ne abin da kowa ya haddace.

To ni inda nake so mu tsaya shi ne ƙarshen 1962, kusan shekara uku kafin duk wannan hayaniyar.

Lokacin Dylan ba kowa ba ne. Kundinsa na farko ya fito a Maris na shekarar, shi kaɗai da jitarsa, kuma bai yi kasuwa ba, kwafi wajen dubu biyar aka sayar a shekarar farko. Yana cikin aikin kundi na biyu ne a situdiyon Columbia da ke New York, da furodusa John Hammond, aka shigo masa da makaɗa a Oktoba da Nuwamba. Kuma ba yara ba ne aka kwaso a titi. Akwai Dick Wellstood a fiyano, gogaggen ɗan jaz, akwai Herb Lovelle a ganga, akwai Gene Ramey a bes wanda ya yi kiɗa da shahararren ɗan jaz Charlie Parker, sannan George Barnes wanda yana cikin mutanen farko-farko da suka naɗi jitar lantarki a faifai tun 1938. Ga kuma wani matashi Bruce Langhorne, ku riƙe sunan nan za mu dawo kansa. A zaman nan har That's All Right suka gwada, waƙar da Elvis Presley ya fara fitowa da ita, to daga nan ma ka san inda zuciyar yaron take.

Abin da ya fito daga zaman 14 ga Nuwamba shi ne Mixed-Up Confusion. Aka sake ta ranar 14 ga Disamba 1962 a ƙaramin faifan garmaho, irin mai waƙa ɗaya a kowane gefe, bayanta aka sa Corrina, Corrina. Ita ce waƙarsa ta farko da aka saki a irin wannan faifai, ta farko fa, kafin duk waɗanda aka san shi da su.

Na sa ta a waya na saurara ya fi sau goma kafin in rubuta wannan. Ba ta wuce minti biyu da rabi ba. Fiyano ne ke sukuwa kamar an saki doki, ganga na bin sa a guje, shi kuma gogan yana jan kalma ɗaya har sai ka ce numfashinsa zai ɗauke sannan ya cusa hamonika a tsakani. Gaskiya ba wata gagarumar waƙa ba ce, baitocin ba su da nauyin abin da ya zo ya rubuta daga baya, kuma kana ji ka san makaɗan da mawaƙin ba su gama sabawa da juna ba, kowa na ɗan ja nasa. Amma babu mai kunne da zai ji ta ya ce wannan waƙar gargajiya ce. Rok ce tsagwaronta, irin ta shekarun 1950.

Faifan bai je ko'ina ba. Bai shiga jerin waƙoƙin da ke tashe ba, ba a jima ba aka janye shi daga kasuwa, kuma da kundin The Freewheelin' Bob Dylan ya fito a Mayun 1963 babu waƙar a ciki, Corrina ce kawai ta tsira da 'yan makaɗanta a hankali can ƙasa-ƙasa. Kundin nan kuwa shi ne ya ɗaga shi. Ka ga ke nan dubban da suka san shi a 1963 sun san wani saurayi ne shi kaɗai da jitar katako yana faɗa wa masu mulki gaskiya, ba su taɓa jin ɗayan ba, wanda ke ihu a kan fiyano wata biyar kacal kafin nan. A nan ramin yake. Hoton da suka rataye a zuciya rabi ne, suka ɗauka shi ne duka.

Kuma da an leƙa baya kaɗan ma da an gani. A garin Hibbing inda ya tashi ƙungiyoyin rok ya yi ta kafawa tun yana sakandare, yana dukan fiyano, a littafin 'yan ajinsu na 1959 burin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa shi ne ya bi tauraron rok Little Richard. A shekarar ma ya ɗan taɓa buga wa mawaƙi Bobby Vee fiyano. Wato gargajiyar ce ya shiga daga baya, rok ɗin ne gidansu. Mu da muka sha gardamar kalangu da fiyano ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san yadda mai sauraro ke ɗaure mawaƙi da kayan kiɗan da ya fara ganin sa da su.

Ni a ganina ma lantarkin ba shi ne asalin ciwon ba. A Agustan 1964 ya fitar da Another Side of Bob Dylan, babu ganga babu waya ko ɗaya da aka jona, amma tun a nan gunaguni ya fara, wai ya bar waƙar gwagwarmaya ya koma waƙar kansa da soyayyarsa. Sannan a wannan Newport ɗin na 1965 ƙungiyar Paul Butterfield ta buga da lantarki kafin shi, wasu daga cikin makaɗanta ne ma suka raka shi dandamali. Abin da mutane suka ji zafi shi ne nasu ne, sun naɗa shi sarkin tafiyarsu ba tare da sun tambaye shi ba, sai ga shi ya tuɓe rawanin.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Beatles sun shigo Amurka a Fabrairun 1964. A shekarar 'yan ƙungiyar Animals suka ɗauki House of the Rising Sun, tsohuwar waƙar gargajiya da shi ma ya rera a kundinsa na farko, suka sa mata lantarki ta hau lamba ɗaya. Maris 1965 ya fitar da Bringing It All Back Home, gefe guda cur da makaɗa, kuma wa ke riƙe da jita a ciki? Bruce Langhorne ɗin nan na 1962. Shi ne ma Dylan ya ce ya sa shi rubuta Mr. Tambourine Man saboda wani ƙaton tambari mai kacau-kacau da yake yawo da shi, waƙar da 'yan ƙungiyar Byrds suka kai lamba ɗaya a Yunin 1965, lokacin da 'yan jarida suka fara yayata kalmar folk rock, wato folk da aka gauraya da rok.

Saboda haka ranar 15 da 16 ga Yunin 1965 da ya shiga situdiyo da furodusa Tom Wilson don naɗar Like a Rolling Stone, aikin da ya bari ne ya koma ya ƙarasa, wannan karon da baitocin da suka isa. Ranar farko ma waƙar ba ta zauna ba, da wani kiɗa mai taku uku aka fara ta. Washegari Al Kooper, wanda ɗan jita ne da aka gayyato kallo, ya lallaɓa ya zauna a kan ogan alhali ba kayansa ba ne, shi ya sa in ka kasa kunne za ka ji yana shigowa ɗan baya kaɗan, yana jira ya ji inda sauran suka dosa. Ɗauka ta huɗu a ranar ita ce wadda duniya ta sani, da Mike Bloomfield a jita. Ta haura minti shida a zamanin da rediyo ta saba da minti uku, har faifan da aka raba wa gidajen rediyo an tsaga waƙar biyu, rabi a kowane gefe, masu sauraro suka dinga bugo waya sai an sa musu ita duka. Ta kai lamba biyu a jerin Billboard, Help! ta Beatles ce ta tare mata gaba. Mujallar Rolling Stone ta sa ta ta ɗaya cikin waƙoƙi 500 a 2004, da aka sake lissafi a 2021 ta sauko ta huɗu, wannan ma wata gardamar ce.

Ita kuwa Mixed-Up Confusion sai a 1966 aka sake fitar da ita a Holan, bayan ƙura ta riga ta tashi, yawancin Amurkawa kuma ba su ji ta ba sai 1985 da aka haɗa ta cikin tarin waƙoƙinsa mai suna Biograph, shi ma wata ɗauka ce daban ba ainihin ta faifan farko ba. Lokacin shekara ashirin ke nan da ihun Newport.