Maganin gyaran tunani da hali a gidan kaso

Maganin gyaran tunani da hali, wanda lokotoroci ke ce ma CBT, jinya ce ta zama da hira, ba allura ba ƙwaya. Tushenta shi ne yadda mutum ya fassara abun da ya same shi ne ke tura shi ga aikin da zai yi. A gidan kaso ana amfani da ita dan ɗan kaso ya samu sassaucin tunani, wato ya iya ganin hanya fiye da guda in abu ya taso.

Tarihi

Albert Ellis ya soma irinta wajen 1955 a Amurka, sai Aaron Beck na jami'ar Pensilbaniya ya tsara tashi cikin shekarun 1960, shi kam masu ciwon damuwa ne a gabanshi, ba 'yan kaso ba. A 1974 wani rahoto na Robert Martinson ya sa gwamnatoci da yawa suka yi ta cewa wai gyaran mai laifi ɓata kuɗi ne kawai. Kanada ce ta farfaɗo da zancen wajen tsakiyar shekarun 1980 da shirin Robert Ross da Elizabeth Fabiano, daga baya Ingila ta ɗauka, Amurka ma ta fito da nata wajen ƙarshen shekarun 1990.

Yadda ake yi

Galibi rukuni ne ƙarami da mai jagora, na 'yan watanni. Misali a ɗaki mai cunkoso wani ya taka ma tabarma, zuciya ta ce raini ne, tashi ka rama, to a nan ake tsayar da kai a ce kawo wasu dalilai, ko duhu ne, ko ture shi aka yi, sannan a kwaikwayi rigimar a gaban kowa har ka saba da dakatawa kafin hannu ya tashi.

Taƙaddama

Nazarin Landenberger da Lipsey na 2005 ya tara bincike 58, ya samu raguwar komawa laifi da kamar kashi 25 cikin 100. Wani na 2021 ya ce in an cire ƙananan bincike ba a ga wani amfani tabbatacce ba.

A Nijar

Gidajen kaso irin na Yamai da Tawa cunkoso da jiran shari'a ne suka fi damunsu, masana halayyar ɗan adam kuma ba su da yawa a ƙasar.