Mene ne kundin rijiya, kuma me ya sa ake auna matashin masanin duwatsu da shi?

Duk wanda ya taɓa duba tallar neman ma'aikata daga kamfanonin haƙa rijiyar burtsatse, ko na haƙar ma'adinai da man fetur, zai ga ana yawan neman wanda ya karanta jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu, kuma ya iya rubuta kundin rijiya. Ma'aikatan fili suna ce masa log a taƙaice. Kundin rijiya takarda ce da ke bayyana irin ƙasa ko dutsen da aka ratsa a kowane zurfi, tun daga sama har inda bakin injin ya tsaya, da launinsa da taurinsa da girman ƙwayoyinsa, da kuma inda aka ci karo da ruwa ko alamar mai ko ma'adini. Tunda babu mai iya shiga ramin da faɗinsa bai wuce inci shida ko takwas ba ya gane wa idonsa, wannan takarda ce babbar shaidar abin da ke ƙarƙashi, kuma yawanci rubuta ta ne aikin farko da ake damƙa wa wanda ya fito daga jami'a.

A ido, aikin ba shi da wani ƙawa. Yayin da injin ke nutsawa, ɓarɓashin abin da ya niƙa yana fitowa sama, ko dai iskar kwamfireso ta hurgo shi idan dutse mai tauri ake fasawa, ko ruwan laka ya ɗauko shi idan ƙasa mai laushi ce. Matashin yakan tsaya a bakin ramin da rariya, ya tari samfuri bayan kowane mita ɗaya ko biyu ko uku, gwargwadon yadda aka tsara, ya wanke, ya jera shi tsibi-tsibi a ƙasa ko a akwati mai gida-gida, kowane tsibi da lambar zurfinsa. Wanda ya tsaya a kan jerin zai ga jar marmara ta sama ta koma yumɓu mai ruwan ƙasa, yumɓun ya koma ruɓaɓɓen dutse da ke marmashewa a tafin hannu, daga nan sai tsakuwa mai kaifi mai ruwan toka. Kayan aikinsa ƙalilan ne. Akwai ƙaramin gilashi mai girmama abu sau goma, da kwalbar ruwan asid da aka sirka, wanda ke kumfa idan aka ɗiga shi a kan dutsen farar ƙasa, da agogo, da littafi. Ba a yarda ya rubuta "yashi" kawai ya wuce ba, domin a ma'aunin da masana ke bi, ƙwayar da ta wuce milimita 2 ta zama tsakuwa, kuma tsakanin yashi mai laushi da mai gautsi akwai bambancin da zai iya raba rijiya mai ruwa da marar ruwa.

Wuyar tana inda littafin makaranta bai cika tsayawa ba. Ɓarɓashin da ya fito yanzu ba daga inda bakin injin yake a yanzu ya taso ba, domin ya ɗauki lokaci yana hawowa, kuma a rijiyar mai mai zurfin mita dubu uku wannan jinkiri yakan kai awa guda ko ya wuce. Wanda bai lissafa shi ba zai rubuta dutsen gaskiya a zurfin ƙarya. Haka kuma bangon ramin yakan zube daga sama ya gauraya da samfurin ƙasa, sai mai rubutu ya san abin da zai zubar da abin da zai riƙe. Shi ya sa agogon yake da muhimmanci: ana rubuta mintunan da kowane bututun haƙa ya ci kafin ya nutse, domin idan injin da ke ta fama ya zarce farat ɗaya, alama ce an shiga tsaga ko wuri mai laushi, ko da samfurin bai nuna ba tukuna. A nan tsohon direla, wato mai sarrafa injin haƙa, wanda wataƙila bai yi karatu mai zurfi ba, yakan riga mai digiri ganewa, saboda yana ji a ƙarar injin da rawar bututu. A ganina, matashin da ya ɗauki kansa ya fi ƙarfin tambayar direla ya yi asarar rabin abin da ya je koyo.

Amfanin kundin yana bayyana ne a ranar sa bututu. Ana zura bututun roba iri biyu a rijiyar burtsatse, rufaffe da ake kira kesin, da mai tsaga-tsaga da ake kira sikirin, wanda ta nan ruwa ke shiga, kuma kundin ne ke nuna inda za a sa kowanne da girman tsakuwar da za a zuba a kewaye. Idan sikirin ya faɗa daidai yumɓu, rijiyar za ta yi ta ba da ruwa mai gurɓi ko ta ƙafe, alhali ruwa na nan 'yan mitoci sama ko ƙasa da wurin. Ƙasar Arewa kuwa ba iri ɗaya ba ce. A Zariya da Kaduna da yawancin jihar Kano, tsohon dutse ne mai tauri a ƙarƙashi, ruwa kuma yana zama ne a ruɓaɓɓen ɓangarensa na sama da cikin tsagoginsa, saboda haka rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya sukan sha bamban ƙwarai. A Maiduguri da kewayenta, cikin kwarin Tafkin Chadi, masana sun daɗe da bambance shimfiɗun yashi masu ruwa hawa uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, da yumɓu mai kauri a tsakaninsu, kuma na ƙasan suna da matsin da a wasu wurare ruwan kan hau da kansa ba tare da famfo ba. A yankin Sakkwato, wanda kwarinsa ya zarce cikin Jamhuriyar Nijar, akwai shimfiɗar Gwandu mai ruwa, akwai kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi. Waɗannan sunaye ba daga sama suka faɗo ba. An gano iyakokinsu ne ta hanyar jera kundin rijiyoyi masu yawa gefe da gefe, tun zamanin hukumar binciken ƙasa da aka kafa a Najeriya a 1919, aka haɗa da abin da ake gani a sarari.

A haƙar man fetur aikin ya fi tsanani, ko da yake tushensa ɗaya ne. Ana zama a ɗakin kwantena kusa da injin, ana karɓa-karɓa dare da rana, ana duba samfuri a madubin likita, ana haska shi da wata fitila ta musamman da ke sa ɗanyen mai ya yi ƙyalli, na'ura kuma tana auna iskar gas da ke fitowa tare da laka. Irin wannan bayani na cikin abubuwan da ake dogara da su kafin a yi shelar samun mai, kamar yadda kamfanin NNPC ya yi a 2019 game da Kolmani, a iyakar jihohin Bauchi da Gombe. Akwai kuma kundin da na'ura ke rubutawa, inda ake zura ma'auni a igiyar waya ya auna yadda duwatsu ke tare wutar lantarki, dabarar da kamfanin 'yan'uwan nan Schlumberger ya fara gwadawa a Pechelbronn ta Faransa a 1927. Na'urar ba ta kori mai rariya ba, domin zanen da take fitarwa sai an gwama shi da dutsen da aka riƙe a hannu.

Masu neman zinariya da sauran ma'adinai su kuma sukan fito da dutsen ɗungurungum, dogo kamar rake, a jera shi a akwatuna. Mai rubutu yana auna nawa aka samu cikin abin da aka haƙa, yana tara tsawon guntayen da suka kai santimita 10 don a san ƙarfin dutsen, sannan a tsaga shi biyu, rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi a adana. Adanawar ba al'ada ce kawai ba. A 1997 aka gano cewa an barbaɗa zinariya da gangan, don yaudara, a samfuran kamfanin Bre-X na Kanada daga Busang a Indunusiya, masu hannun jari suka tafka asarar biliyoyin daloli, kuma bayan wannan abin kunya ne Kanada ta tsaurara dokar wanda ya cancanci sa hannu a rahoton ma'adinai.

Ke nan idan mai ɗaukar aiki ya tambayi matashi ko yana da gogewa a haƙa da bincike, abin da yake son ji shi ne rijiyoyin da ya tsaya a kansu daga farko har gwajin famfo da ake auna yawan ruwan rijiyar da shi, a wace irin ƙasa, kuma ko zai iya kare abin da ya rubuta idan aka ajiye masa samfurin a gabansa. Da yawa suna fara taɓa aikin ne a watannin horon sanin makamar aiki da jami'a ke tura su, ko lokacin bautar ƙasa, kafin su nemi rajista da majalisar COMEG da aka kafa da dokar 1990 don kula da injiniyoyin ma'adinai da masana ƙasa. Abin takaici shi ne yadda ake haƙa rijiyoyin gidaje da yawa ba tare da kowa ya rubuta komai ba, wani lokaci kuma a zauna a gari a cika takardar da abin da direla ya faɗa ta waya, ko a kwafo na wata rijiyar a sauya suna. Zuwa da kai ya fi aike, kuma mai bincike da ya ƙware yakan gane kundin da aka ƙaga, domin iyakokin duwatsunsa duk suna faɗawa daidai ƙarshen bututu, kuma babu inda aka rubuta cewa samfuri ya ɓace ko bango ya zube. Ɗalibin digiri na biyu da ya zo bayan shekara goma yana son sanin ko ruwan unguwar yana ja da baya, da waɗannan takardu zai yi aiki, tare da lambobin wurin da ranar haƙawa da zurfin da ruwa ya tsaya a lokacin, idan an rubuta su.